Komawar Rabi: Me Ya Sa Littafin Soyayya Ke Raba Kan Masu Karatu?

Littattafan soyayya da yawa akan karanta su ne a ajiye, kafin mako ya zagayo an manta sunan tauraruwar. Amma jefi-jefi akan sami wanda in an rufe shafinsa na ƙarshe, a nan gardama ke farawa. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, yana cikin irin waɗannan. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma har gobe in mata biyu da suka karanta shi suka zauna, da wuya bakinsu ya zo ɗaya a kan yadda ya ƙare. Wannan saɓani ya cancanci a tsaya a dube shi, domin yana bayyana abin da muke nema a cikin littafi, da kuma abin da muke gudun a faɗa mana.

Ga wanda bai karanta ba, labarin na Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa a Kano, Alhaji Abdu. 'Ya'yansu tara. Alhaji ba matalauci ba ne, amma kuɗin cefanen da yake ajiyewa ba ya kai gidan ko'ina, alhali a waje hannunsa a sake yake. Ana cikin haka ya auro Delu, mace mai zaman kanta, kuma da rikici ya ɓarke tsakanin uwargida da amarya, sai ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ba ta zauna kuka ba. Ta kama sana'ar sayar da abinci, tana ciyar da yara, tana fafutukar karatunsu. A gefe guda kuma ga soyayyar 'yarta Saudatu da attajiri Alhaji Abubakar, wadda ta kai ga aure, ta kuma ɗaga gidan daga ƙunci. Wannan ɓangaren ne ya sa littafin ya zauna daidai a rumfar masu sayar da littattafan soyayya.

Daga baya alhaki ya biyo ubangidansa. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Mai karatu na shirin cewa Allah ya ƙara, sai marubuciyar ta yi abin da ba a zata ba: maza na dangi suka taru a kan Rabi, da lallashi da matsin lamba, har ta karɓi mutumin da ya wulaƙanta ta, ba don ranta ya so ba. Matar da ta tsayu da ƙafarta ta koma ɗaukar nauyin wanda ya kasa ɗaukar nata.

A nan kan masu karatu ya rabu. Akwai waɗanda suka ga daidai ke nan. A wurinsu aure ɗan haƙuri ne, uban 'ya'ya ba abin yarwa ba ne, kuma tunda duniya ta riga ta hora shi, me ya rage in ba yafiya ba? Kalaman da suke kafa hujja da su ba baƙi ba ne a kunnen kowace 'yar Hausa: ki yi haƙuri, ki zauna don 'ya'yanki, ɗakin miji ya fi ɗakin uba. Akwai kuma waɗanda ransu ya ɓaci matuƙa, suna ganin marubuciyar ta ci amanarsu. Sun bi Rabi tun daga ranar da aka watso mata kaya waje, sun ga ta hura wuta da asuba tana dafa abincin sayarwa, sun yi murna da ta sami kanta, sai kuma a mayar da ita gidan jiya? Wasu kuma ba ƙarshen ne ya dame su ba, littafin ne gaba ɗaya. Sun saya ne don su huta da damuwar duniya, su sha kalaman ƙauna da bikin 'yan gata, sai aka tare su da saki da kishi da yunwar yara, wato abin da suka baro a tsakar gidansu.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa, amma biyun farko sun yi tarayya a kuskure ɗaya. Dukansu sun ɗauka cewa duk inda marubuci ya ajiye tauraronsa, nan yake cewa kowa ya je. Masu murna sun ji kamar an ce mace ta koma ko me aka yi mata, masu fushi ma haka suka ji, shi ya sa suka fusata. Alhali wanda ya karanta da natsuwa zai lura ba a kawo komawar Rabi da guɗa ba. An nuna ta ne a matsayin abin da aka ɗora mata. Marubuciyar ta ajiye tambaya ne a gaban mai karatu: in mace ta yi duk abin da ake nema ga mutumin kirki, ta riƙe mutuncinta, ta raini 'ya'yanta da guminta, me ya sa har yanzu ba ita ke da ta cewa a kan rayuwarta ba?

Abin da zai ƙara fito da wannan fili shi ne duba abin da shari'a ta tanada. A mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, ci da sha da tufafi da muhalli wajibi ne a kan miji. In aure ya mutu, uwa ce ta fi cancanta da renon 'ya'ya matuƙar ba ta yi wani aure ba, amma ciyar da su yana nan a wuyan uba. Matar da iddarta ta cika kuwa ba mai mayar da ita sai da yardarta da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Ke nan abin da Alhaji Abdu ya yi na watsar da yara tara saɓa wa addini ne ƙarara, kuma abin da ya mayar da Rabi nauyin baki ne na dangi da tsoron abin da mutane za su ce. Wanda ya zargi littafin da yi wa addini karan tsaye bai lura ba cewa da ma'aunin addinin aka auna mazan da ke cikinsa.

Ba daga sama Hajiya Balaraba ta tsinci waɗannan batutuwa ba. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a aurar da ita tana 'yar shekara goma sha uku ba, auren da bai daɗe ba ya mutu. Ta hanyar karatun manya ta koma neman ilimi. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? ya taɓo auren wuri da hana 'ya mace karatu, ta hanyar labarin Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo. Ta kasance cikin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna. An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, kuma a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi, inda masu karatu na wasu ƙasashe su ma suka yi karo da wannan ƙarshe mai ɗaci.

Gardamar ba ta tsaya a ɗakunan mata ba. Tun farkon shekarun 1990 aka yi ta musayar alƙalami a shafukan jaridu irin su Nasiha da New Nigerian. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan rubutu adabin kasuwar Kano, yana ganin bai kai matsayin adabi na ƙwarai ba, yayin da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya a kan cewa littattafan na ɗauke da damuwar matasa da mata, kuma sun sa dubban mutane karatu da Hausa. Malamai da iyaye da yawa sun yi ta kukan cewa littattafan na koya wa 'yan mata bijire wa zaɓin iyaye. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu, zamanin gwamna Malam Ibrahim Shekarau, ta ƙona littattafan da aka ƙwace a hannun ɗalibai mata, sannan Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta matsa sai marubuta sun yi rajista da ita.

Sai dai ƙona takarda bai ƙona matsalar ba. A farkon 2009 wata ƙungiyar zawarawa da marayu ta shirya zanga-zanga a Kano kan yawan sakin aure, Hisbah ta hana. A 2012 gwamnatin jihar da kanta ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbar. Abin da hukuma ta zo tana nema wa magani, shi ne marubuciya ta zana shekara ashirin da ɗoriya kafin nan a jikin Rabi. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kada a ɗauka mu kaɗai ke wannan ja-in-ja. A Amurka, Colleen Hoover ta fitar da It Ends with Us a 2016, labarin Lily da mijinta Ryle, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa mai fara'a da kuɗi, wanda ya riƙa dukanta. Marubuciyar ta bayyana cewa daga rayuwar mahaifiyarta ta ɗauko shi. Littafin ya sami gagarumar kasuwa bayan matasa sun yayata shi a TikTok. Wasu matan suka ce shi ya buɗe musu ido suka gane halin da suke ciki, wasu suka ce an yaudare su da bango mai furanni, an sayar musu da labarin duka da sunan soyayya. A farkon 2023, da aka sanar za a fitar da littafin zane na shafa launi a kan labarin, masu karatu suka yi ca har aka janye shi. Abin lura shi ne, Lily ta rabu da mijinta, Rabi ta koma wa nata, amma duka marubutan biyu ba su tsira daga zargi ba. Ashe ba ƙarshen labari kaɗai ke tayar da ƙura ba. Haɗa zuma da maɗaci a ƙwarya ɗaya ne mutane ba su saba da shi ba.

To, me ya sa marubuta ke haɗa su? Domin soyayya ce ke kai littafi inda wa'azi da lacca ba sa shiga. Matar da ke cikin kulle, wadda ba za ta taɓa halartar taron ƙara wa juna sani ba, za ta aiki yaro ya karɓo mata hayar littafi, ta karanta bayan ta sauke tukunya, ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga, wadda ba ta iya karatu ba kuma a karanta mata ko ta saurara a rediyo. In ta tarar da irin rayuwarta a ciki, ta san ba ita kaɗai ba ce, kuma ta sami bakin magana. Abin da ba za ta iya faɗa a kan mijinta ba, za ta faɗe shi a kan Alhaji Abdu, kowa kuma ya gane.

Wannan ba ya nufin duk littafin da ya taɓo babban batu ya wanku. Masu suka suna da gaskiya a wani wuri, musamman yanzu da rubutu ya koma waya, ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, ana biyan kuɗi kafin a shiga rukunin karatu, ba edita ba mai dubawa. Akwai labaran da ake kawo fyaɗe ko duka a matsayin ƙofar ƙauna: namiji ya ci zarafin yarinya, bayan shafi kaɗan ta mace a kansa saboda kyau da dukiya, ba hukunci ba nadama. Ga ma'aunin da mai karatu zai riƙe. Idan an nuna zalunci, wa labarin ya sa ka tausaya wa? An bar wadda aka zalunta ta yi magana, ko an rufe bakinta da lefe da mota? Bayan ka gama, zaluncin ya ƙara yi maka muni ne ko ya yi maka kyau? Littafin Hajiya Balaraba ya tsallake wannan gwaji, domin ba wanda zai rufe shi yana sha'awar zama Alhaji Abdu.

Saboda haka akwai aiki a kan kowa. Marubuci ya sanar tun a farko cewa labarinsa na ɗauke da duka ko fyaɗe ko mutuwa, saboda a cikin masu karatunsa akwai wadda abin ya taɓa faruwa da ita, akwai kuma ƙananan yara. Iyaye su daina tsayawa ga ƙwace littafi ko waya kawai. Uwa ta karɓa ta karanta, sannan ta tambayi 'yarta: ke da ke ce Saudatu, me za ki ce wa mahaifiyarki ranar da aka zo biko? Amsar da za ta ji za ta sanar da ita abin da shekara guda ta faɗa ba za ta sanar da ita ba. Maza kuma, waɗanda da yawansu ke ɗaukar waɗannan littattafai a matsayin shirmen mata, su ne suka fi buƙatar karanta su, don su ji yadda ake kallonsu daga cikin gida.

Wanda kuwa komawar Rabi ta ƙona wa rai, fushinsa na kan hanya, sai dai ya duba inda zai sauke shi. Marubuciya ba ta saki kowa ba, ba ta kuma kori yaro ko ɗaya daga gidan ubansa ba. A unguwarku akwai bazawarar da ke riƙe da 'ya'ya ita kaɗai, uban yana raye yana yawo da babbar riga. Ranar da dangi suka zauna a kan maganarta, a tambayi uban ina kuɗin abinci da na makaranta, ita kuma a tambaye ta abin da take so kafin a yanke mata hukunci.