Audu Bako: Aikin Ɗamara da Girman da Ya Bari a Ƙasar Kura

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa da Kwanar Gafan, zai ga abin da ba a saba gani ba a ƙasar Hausa a irin wannan lokaci, watau gonaki kore shar, ruwa na gudu a magudanai, alhali kuwa an yi wata da watanni rabon ƙasa da ruwan sama. In aka tambayi dattawan wurin wanda ya kawo wannan ruwa, suna ɗaya za a ji: Audu Bako. Wannan maƙala za ta duba aikin ɗamarar da mutumin ya yi, da yadda hukuma ta raba shi da girmansa, da kuma irin girman da ya saura masa bayan haka.

Daga Bariki zuwa Gidan Gwamna

Da farko ya kamata a gyara wani kuskure. Mutane da yawa suna ɗaukarsa soja ne, saboda muƙamin Gwamnan Soja da ya riƙe. A gaskiya ɗan sanda ne, ɗan ɗan sanda kuma. An haife shi a barikin 'yan sanda na Kaduna a 1924, inda mahaifinsa ya daɗe yana aiki. Ya yi makarantar Midil ta Zariya, ya shiga aikin 'yan sanda a 1942, lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa har ya zama Mataimakin Kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e-En'e na Jihar Arewa duka.

Wannan muƙami na ƙarshe yana da muhimmanci. A wancan zamani 'yan sanda na gwamnati ne, 'yan doka kuwa na sarakuna ne. Wanda aka ɗora wa duba 'yan doka tilas ya san fada, ya san hakimai da dagatai, ya kuma san inda talaka ke kuka. Saboda haka sa'ad da Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi goma sha biyu ran 27 ga Mayu, 1967, ya ba shi Jihar Kano, ba baƙo aka kawo wa sha'anin mulkin gargajiya ba. Jihar a lokacin ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jigawa a 1991. Ba shi kaɗai ne ɗan sanda cikin gwamnonin ba, akwai Usman Faruk a Jihar Arewa maso Yamma, da Joseph Gomwalk a Binuwai-Filato. A zamanin mulkinsu ne aka karɓe 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari daga hannun En'e, aka mai da su hannun gwamnati.

Ruwan Tiga

Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne sha'anin ruwa. Kafin zuwansa, noman rani a wannan yanki aikin masu lambu ne a bakin fadama, da jigo da guga. Sauran jama'a, da an kai amfanin damina rumbu, sai majiya ƙarfi su tafi cin rani, a bar gari da tsofaffi da mata da yara.

A 1969 aka fara gina madatsar ruwa ta Bagauda domin gwajin ban ruwa a Kadawa. Da aka ga abin zai yiwu, sai aka shiga babban aikin, watau datse Kogin Kano a Tiga, wanda aka gama a 1974. Tafkin da ya taru ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 170. Hikimar da ke cikin tsarin ita ce, Tiga tana kan tudu, gonakin kuwa suna gangare, don haka ruwan da ƙafarsa yake zuwa, ba a bukatar injin tura shi. Yakan bi babbar magudana ta Ruwan Kanya, a rarraba shi a ƙananan magudanai, har ya kai bakin gonar manomi. Kashi na farko na shirin an tsara shi ne ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam. Aikin ya zo daidai da farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, lokacin da dabbobi suka yi ta mutuwa a Nijar da arewacin Nijeriya. Wanda ya ga wannan fari ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin madatsa.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, shirin ya koma hannunta. Alkama aka fi sa rai da ita da farko, amma manoma suka bi abin da kasuwa ke so, tumatir da albasa da masara da shinkafa suka yi rinjaye. Kura ta zama garin sussukar shinkafa da cinikinta, kuma yankin da a dā ake bari a tafi cin rani, shi ne ya koma wurin da 'yan ƙwadago ke zuwa nema.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce kowa ya ji daɗin Tiga. An ta da garuruwa daga inda ruwa ya ci, mutane suka bar gonakin iyaye da kaburburan kakanni. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da makiyaya da masu shinkafar fadama suka dogara da ita ta ragu ƙwarai, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Mai yabon Audu Bako a Kura, in yana da adalci, sai ya tuna da mutumin Nguru.

Saukarwa da Abin da Ya Biyo Baya

Ran 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓarar da Gowon yana taro a Kampala. Janar Murtala Muhammed, wanda shi ma Bakano ne, ya sauke gwamnonin duka, aka ba Laftanar-Kanar Sani Bello Jihar Kano. Aka kafa kwamitin binciken dukiyarsu, a farkon 1976 aka ba da sanarwa cewa an sami goma daga cikin sha biyun da laifi, an kore su daga aiki, an kuma ƙwace wasu kadarorinsu. Mobolaji Johnson na Ikko da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma su kaɗai aka wanke. Audu Bako yana cikin goman. Mutumin da ya yi shekara talatin da uku cikin ɗamara, ya koya wa wasu doka, haka ya fita daga aiki. Ya koma noma, ya rasu a 1980.

Abin lura shi ne, hukuncin nan bai bi sunansa ya shafe ba. Jihar da ya mulka ta sa sunansa ga Sakatariyar gwamnati, da gidan namun dajin da ya kafa a birnin Kano, da wani babban titi, da Kwalejin Aikin Gona ta Ɗambatta. Wannan ba ya nufin an soke abin da kwamiti ya gano. Abin da ya nuna kawai shi ne, Kanawa sun auna mutumin da wani ma'auni dabam da na kwamiti, watau abin da suka gani a ƙasa. Wasu ayyukan nasa sun sāke kama, alal misali otal ɗin da ya gina a bakin tafkin Bagauda don masu yawon buɗe ido ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Magudanan Tiga kuwa, ko da yake sun sha cushewa da yashi da ciyawa har sai da aka nemi rancen Bankin Duniya a 2014 don gyara su, har yanzu su ne ke kai ruwa gonakin Kura da Bunkure duk rani.