Cizon Kare da Haƙƙin Wanda Aka Ciza: Misalin Fitbul a Ingila da Amurka

Gabatarwa

A cikin shekarar 1991, a birnin Biradfod na Ingila, wani kare irin wanda ake kira fitbul ya auka wa wata yarinya 'yar shekara shida, ya yi mata munanan raunuka. Labarin ya girgiza ƙasar, kuma kafin shekarar ta ƙare Majalisar Dokoki ta zartar da Dokar Karnuka Masu Haɗari. Manufar wannan lacca ita ce a duba tambayar da irin wannan ta'asa take jawowa, watau idan dabbar wani ta raunata wani, wa zai ɗauki alhaki, kuma me wanda aka cuta zai iya nema a gaban alƙali?

Asalin Fitbul

Sunan wannan kare ya haɗa kalmomin Ingilishi biyu, ɗaya tana nufin rami, ɗaya kuwa bijimi. A zamanin da, mutanen Ingila sukan ɗaure bijimi su sakar masa karnuka, jama'a suna kallo suna caca. Da aka hana wannan wasa da doka a 1835, sai masu sha'awarsa suka koma haɗa kare da kare faɗa a cikin rami, domin ya fi sauƙin ɓoyewa. Suka riƙa barbarar karnukan bijimi da wasu ƙananan karnuka masu zafin nama, har aka sami kare mai faɗin ƙirji, mai ƙarfin muƙamuƙi, wanda in ya kama ba ya saurin saki. Baƙin haure suka tafi da shi Amurka, inda aka fara yi masa rajista a 1898. Sai dai a lura, a yau sunan fitbul ya zama laƙabi na karnuka iri-iri masu kama da juna da kuma ruwa-biyunsu, kuma wannan ruɗani zai sake ɓullowa a gaba.

Tsohuwar Ƙa'ida: Sanin Halin Dabba

Shari'ar Ingila ta gargajiya ta kasa dabbobi gida biyu. Akwai na dawa, kamar zaki da giwa, waɗanda duk wanda ya ajiye su zai biya ɓarnarsu ba tare da wani uzuri ba. Akwai kuma na gida, kamar kare da doki, waɗanda ba a kama mai su sai an tabbatar ya riga ya san dabbarsa tana da mugun hali. Wata shari'a ta 1846, wadda aka yi a kan biri da ya ciji wata mata, ta bayyana cewa laifin yana cikin ajiye dabbar bayan an san halinta, ko da mai ita bai yi sakaci wajen tsaronta ba. Daga nan ne lauyoyi suka sami abin da suke kira ƙa'idar cizo ɗaya, wai kowane kare yana da cizon farko kyauta. Maganar ba daidai take ba ɗungum, domin kare da aka san yana kai wa mutane hari ya isa hujja ko bai taɓa cizo ba.

Wannan tunani ya girmi Ingila nesa. Dokokin Hamurabi na Babila da Attaura duk sun bambanta tsakanin sa da ya soki mutum ba zato da wanda aka riga aka gargaɗi mai shi. Malaman Malikiyya ma sun ɗora lamuni a kan mai kare mai cizo idan an gargaɗe shi bai kawar da shi ba. Nijeriya ta gaji ƙa'idar Ingila, har wata kotu a Legas ta yi aiki da ita a 1965, ta ce sanin da matar gida ta yi cewa karen ya taɓa cizon 'yar aiki daidai yake da sanin maigidan.

Aibin ƙa'idar a fili yake. Nauyin hujja yana kan wanda aka ciza, alhali kuwa mai karen ne ya san tarihinsa, kuma ba shi da dalilin tona wa kansa asiri.

Hanyoyi Biyu na Gyara

Hanya ta farko ita ce a ɗora alhaki a kan mai kare kai tsaye. Jihohin Amurka da yawa sun bi wannan. A Kalifoniya, alal misali, sashe na 3342 na dokar hulɗar jama'a ya ce mai kare zai biya diyya idan karensa ya ciji mutum a bainar jama'a, ko a wurin da mutumin ya shiga bisa halal, ko karen ya taɓa cizo ko bai taɓa ba. Tekzas kuwa tana nan a kan tsohuwar ƙa'ida. Saboda haka yara biyu masu rauni iri ɗaya suna iya samun hukunci dabam, gwargwadon jihar da tsautsayin ya same su.

Hanya ta biyu ita ce a haramta irin karen. Birnin Denba ya yi haka a 1989, Holan a 1993, lardin Ontariyo na Kanada a 2005. Dokar Ingila ta 1991 ta hana kiwo da sayar da iri huɗu, fitbul na cikinsu, kuma ta ce siffar kare ake dubawa, in hukuma ta ce fitbul ne to mai shi ne zai kawo hujjar cewa ba shi ba ne. Wanda aka yarje wa ya riƙe nasa, tilas ya dandaƙe shi, ya sa masa takunkumi da tsarkiya a duk lokacin da zai fita da shi. A 2014 aka faɗaɗa dokar ta shafi harin da aka kai a cikin gida, aka kuma ƙara horo ya kai ɗaurin shekara 14 idan an rasa rai, shekara 5 idan rauni ne. Daga 1 ga Fabrairu, 2024, an sa irin da ake kira XL Bully cikin waɗanda ba a riƙewa a Ingila da Wales sai da takardar izini.

Darasin Merilan

Abin da ya faru a Jihar Merilan ya nuna wuyar al'amarin. A 2007 wani fitbul ya tsere daga kejinsa ya raunata wani yaro ɗan shekara goma, har jijiyar jini ta cinyarsa ta tsinke. Mai karen ɗan haya ne marar abin hannu, sai iyayen yaron suka kai ƙarar mai gidan. A 2012 babbar kotun jihar, da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku, ta yanke cewa fitbul mai haɗari ne tun a halittarsa, don haka ba a bukatar hujjar mugun hali, kuma mai gidan haya da ya san akwai irinsa a gidansa shi ma yana da alhaki.

Nan take masu gidaje suka fara matsa wa 'yan haya, ko su rabu da karnukansu ko su tashi. Bugu da ƙari, aka rasa wanda zai fayyace wane kare ne fitbul. A 2014 majalisar jihar ta soke tasirin hukuncin, ta kafa doka guda ga dukan karnuka: idan kare ya yi cizo, za a ɗauka mai shi ya san halinsa, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Watau an ɗauke nauyin hujja daga kan wanda aka ciza, an mayar da shi kan wanda ya ajiye dabbar. Kowa ya ɗaure kura, in ji Hausawa, ya san yadda zai yi ya kwance ta.

Abin da Wanda Aka Ciza Zai Nema

Wajibi ne a rarrabe tsakanin shari'ar laifi da ta diyya. Ta farko hukuma ce take kai ta domin horo, ta biyu kuwa wanda aka cuta ne zai shigar da kansa. Yana iya neman kuɗin magani, har da na tiyatar gyaran fuska da za a yi nan gaba, da albashin da ya rasa, da kuma diyyar azaba da tabo da firgita. Mai kare yana iya kare kansa da cewa an tsokani karen, ko an shiga gidansa ba izini, kuma in mai ƙara yana da nasa sakacin akan rage masa diyya. Akwai kuma wa'adi: shekara uku a Ingila, biyu a Kalifoniya, amma na yaro ba ya fara ƙirguwa sai ya cika shekara 18. Takardun likita da hotunan rauni da shaidar maƙwabta a kan halin karen su ne jarin mai ƙara.

Sa'an nan hukunci dabam, biya dabam. A Amurka yawanci kamfanin inshorar gida ne yake biya, wasu kamfanoni kuwa sun ƙi ɗaukar gidan da yake da fitbul. Ta haka wanda ya fi kowa jin rauni yana iya cin shari'a ya tashi hannu rabbana.

Kammalawa

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2000, wanda ya duba mace-macen cizon kare daga 1979 zuwa 1998, ya sami cewa fitbul da rotwaila ne suke da hannu a fiye da rabin waɗanda aka san irin karen. Duk da haka masu binciken sun yi kashedi cewa ba a san yawan kowane iri a ƙasar ba, balle a auna haɗarinsa. Holan ta janye haramcinta a 2008, mutanen Denba kuma suka jefa ƙuri'ar sassauta nasu a 2020, Ingila kuwa ƙara tsanantawa ta yi. Ga wanda aka riga aka ciza, haramta iri ba ya biyan kuɗin asibiti. Abin da yake amfaninsa shi ne doka da ta ɗora alhaki a kan mai kare ba tare da wahalar hujja ba, da kuma tabbacin cewa akwai inda kuɗin diyya za su fito.