Sauya Sunan Fayil da Ɓacewar Tarihin Aiki a Git

Matashin da ke koyon rubuta manhaja a Gawon Nama, ko ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kusan ba shi da zaɓi yau wajen adana tarihin aikinsa sai Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. GitHub ya yaɗa shi tun 2008, a 2020 kuma dandalin Bitbucket ya daina karɓar Mercurial, abokin hamayyar Git. Wannan rinjaye ya zo da wata ɗabi'a da mutane ba sa lura da ita: Git ba ya rubuta cewa an sauya wa fayil suna. Hoton aikin gaba ɗaya yake adanawa, sai an tambaye shi tarihi ya kwatanta fayil ɗin da ya ɓace da wanda ya bayyana. In kamanninsu ya kai kashi 50 cikin ɗari, ya ce abu ɗaya ne. Mercurial kuwa yana rubuta sauyin a lokacin da aka yi shi, Darcs na David Roundy ma har musanya kalma da kalma yake ajiyewa a matsayin aiki mai zaman kansa.

Illar ta fi taɓa masu aiki da Hausa. A ce an tattara rubutun da aka buga ba ƙugiya, aka bi shi ana mayar da k zuwa ƙ, d zuwa ɗ, b zuwa ɓ inda ya dace. Da wuya layi ya tsira, kuma Git layi-layi yake awo. Idan a zama ɗaya aka haɗa da sauya suna, kamannin ya faɗi, silsilar ta yanke: mai gyaran haruffa ya zama tamkar marubucin, wanda ya yi wahalar rubutun ya ɓace. A garin da ake tambayar ɗalibi wurin wa ya karanta littafi, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Masu kare Git na da hujja. Rikodin sauyin suna yana dogara ga mutum ya tuna ya sanar, mutum kuwa mantau ne. Sannan sau da yawa yanki ne ke ƙaura daga fayil zuwa fayil, abin da rikodin sauyin suna ba ya kamawa. Gaskiya ne, amma nauyin bai gushe ba, kan mai aiki ya koma. Dole ya ajiye sauyin suna daban, gyaran haruffa daban. Git da kansa ya amsa akwai gibi, domin a 2019 aka ƙara masa hanyar tsallake irin waɗannan gyare-gyaren gama-gari idan ana neman wanda ya rubuta layi, amma sai wani ya zauna ya lissafa su da hannu.