Wa Ke Shanye Mana Yunit a Gida?



A gidaje da yawa a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, da zarar kuɗin mita ya ƙare sai a ce mu yara ne muka cinye da cajin waya da rawuta ta intanet. Shi ya sa mu 'yan kulob ɗin jarida muka ce bari mu yi lissafi.

Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Zamfara, kuma abin da ake saya a zuba wa mita shi ne yunit. Yunit 1 shi ne wutar da na'ura mai wat 1,000 ke sha a awa 1.

Ku duba jikin cajar rawuta. Idan an rubuta 12V da 1A, sai ku ninka 12 sau 1, kusan wat 12 ke nan. Idan ta wuni ta kwana a kunne, 12 sau 24 ya ba mu 288, wato bai kai kashi 1 cikin 3 na yunit ba. A wata kuwa, kusan yunit 9 ne. Cajar waya mai wat 10 sai ta yi awa 100 kafin ta sha yunit 1. Amma dutsen guga mai wat 1,000 a awa 1 kacal yake shanye abin da rawuta ke sha a kwana 3.

To, yaya za mu gane na gidanmu? Ku samu littafi ku ja layi huɗu: kwanan wata, lokaci, yunit da suka rage a mita, da abubuwan da aka kunna. Ku rubuta safe da dare har mako guda, kuna cire na dare daga na safe. Kada ku manta da awannin da aka ɗauke wuta, in ba haka ba lissafin zai ruɗe. Masu sola ma wannan lissafin zai nuna musu abin da ke kashe batir kafin asuba.

Gargaɗi: fuskar mita kawai za ku karanta. Kada ku buɗe ta ko ku taɓa waya, wuta ba ta san yaro ba.

Bayan mako guda ku kai wa Baba littafin cikin ladabi. Idan laifinmu ne, mu gyara. Idan na dutsen guga ne, ga shaida a rubuce.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida