Alƙalin da ke Shugabantar Zaman Shari'a

Kalmar alƙali ararriya ce daga Larabci, watau al-ƙali, mai yanke hukunci. Muƙamin Alƙalin Alƙalai kuwa ya daɗe, gama tun zamanin Halifa Haruna Rashid a ka naɗa wa Abu Yusufu shi a Bagadaza. Amma fa shugaban alƙalan ƙasa daban ne da shugaban zaman shari'a, ko da ya ke mutane sun saba gama su.

A ɗakin shari'a irin na dā, alƙali shi kaɗai ke hukunci. Muhutai su kan zauna gefensa, su duba littafi, su ba shi fatawa, in ya so ya ɗauka, in ya so ya bari. Alhakin duka a wuyansa ya ke.

Al'amarin ya sāke da a ka kafa kotunan ɗaukaka ƙara, inda alƙalai da dama ke zama a kan magana guda. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Arewa ta soma aiki a 1960, Malam Abubakar Gumi kuma ya riƙe ta daga 1962 zuwa 1967. Tsarin mulkin 1999 ya ce irin wannan kotu ba ta cika sai da alƙalai uku ko fiye, Kotun Ƙoli kuwa biyar, ko bakwai in maganar fassara tsarin mulki ce.

To, a irin wannan zama dole a sami mai jan gaba, galibi wanda ya fi daɗewa a muƙami. Shi ke buɗe zama, ya ba lauya izinin magana, ya tsawatar in an yi hayaniya, ya ɗaga shari'a zuwa wata rana. Wannan iko ba ƙarami ba ne, don wanda a ka katse masa hanzari tun bai kai ga hujjarsa ba, da wuya ya ga an yi masa adalci.

Sai dai in an zo yanke hukunci, ra'ayinsa ɗaya ne kamar na sauran. Abin da mafi yawa su ka tsaya a kai shi ne hukuncin kotu. Ƙananan biyu su kan rinjayi babba, ya karanta saɓaninsa a gaban jama'a, sa'an nan a zartar da abin da bai yarda da shi ba. Wanda ya saba da alƙali guda a bisa buzu, wannan shi ya fi ba shi mamaki.