Daga Batsari zuwa Azhar: Abin da ɗalibi ke tararwa a makonsa na farko a Alƙahira

Hanyar da ɗalibin Batsari ko Safana ke bi zuwa Jami'ar Azhar ba ta da tsawo a yanzu: mota zuwa Katsina, daga nan Kano, sai jirgin sama na 'yan sa'o'i ya sauke shi a Alƙahira. Ga da yawa ma, ɓangaren da ya fi tayar da hankalin iyaye shi ne na farkon, wato fita daga yankin dajin Rugu lafiya.

Abin da ke fara dukan baƙo a Alƙahira shi ne yawan jama'a. Birnin da kewayensa na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma ƙarar hon ba ta yankewa dare da rana.

Na biyu shi ne harshe. Yaron da ya haddace Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya a zauren malaminsa, yakan ɗauka ya iya Larabci, har sai ya tsaya gaban direban tasi. Larabcin titin Masar daban yake da na littafi. Burodi sunansa "esh", harafin jimun kuma ya koma "ga". In ya yi magana da Larabcin littafi za a fahimce shi, sau da yawa har da murmushi, amma amsar da za a mayar masa ce ba zai kama ba.

Masallacin da ya haura shekara dubu

An aza harsashin masallacin Azhar a shekarar 970, zamanin daular Faɗimiyya, aka fara sallah a cikinsa a 972. Yana tsakiyar tsohon gari, daura da masallacin Husaini da kasuwar Khan al-Khalili. Sabon zuwa yakan yi mamakin jin cewa yawancin azuzuwan jami'ar ba a nan suke ba. Tun dokar 1961 da ta shigo da fannoni irin su likitanci da injiniyanci, babban harabar jami'ar ta koma unguwar Madinatu Nasr.

Amma har gobe ana karatun zaure a masallacin. Shehi na zaune, ɗalibai sun kewaye shi, ana bin littafi layi-layi. A nan ne ɗan Batsari ke fara jin kamar yana gida, don haka ya saba gani, sai dai na kusa da shi ɗan Indonesiya ne ko ɗan Senegal.

Ba yau Katsinawa suka fara ba

Abin da ba kasafai ake gaya wa ɗalibai kafin su taso ba shi ne daɗewar alaƙar Katsina da wannan birni. Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1505, ya taɓa rubuta wasiƙar nasiha ga Sarkin Katsina Ibrahim Sura da Sarkin Agadas. Shi ne kuma ɗaya daga cikin mawallafa biyu na Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatan ƙasar Hausa duk watan azumi.

Sai Muhammad al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi da taurari. Bayan ya yi aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya yi rubutu kan hatimin lissafi, wanda ake jera lambobi a gida-gida ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Abin takaici, an fi sanin sunansa a jami'o'in Turai da Amurka fiye da makarantun jiharsa.

A cikin Azhar ɗin kanta a da akwai masaukin da aka ware wa ɗaliban Barno, Ruwaƙul Barnawiyya.

Takardu, sanyi da kuɗi

Tarihi ba ya biyan kuɗin haya. Wanda shaidar karatunsa ba ta cikin waɗanda Azhar ta amince da su sai ya zauna jarabawar tantance mataki, kuma tana iya mayar da shi aji na ƙasa ko cibiyar koyon Larabci. Ga layin neman takardar izinin zama. Mai rabo ya samu ɗaki a Madinatul Bu'us, masaukin ɗalibai baƙi da ke Abbasiyya. Saura su haɗa kuɗi su kama haya. Sanyin Disamba da Janairu kuwa ya wuce hunturun da ya sani, abinci kuma sai ya saba da ful da koshari a madadin tuwo da rogon Batsari.

Kuɗin da ake turo masa yawanci daga gona suke fitowa, a yankin da manoma da dama suka shafe shekaru ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa saboda 'yan bindiga. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, ɗaliban yankin da ke waje sun yi watanni sai ta bakin 'yan'uwa mazauna birnin Katsina suke jin labarin gida.