Kifi a ɗan ruwa: wanne za mu zaɓa, wanne za mu bari?

 

Bara bayan girbi, ɗan wata ƴar ƙungiyarmu ya dawo daga Kano da tsaraba irin wadda ba mu saba gani ba a Urafan: wasu jajayen kifaye guda biyu cikin kwalbar gilashi da ba ta fi lita uku ba. Unguwa duk ta zo kallo. Yara suna jefa musu tuwo, manya suna cewa tubarkalla. Kwana shida suka yi, ran na bakwai aka iske su sun juya ciki sama.

Sai dai kallon ya riga ya shiga ranmu. Ranar zubi wata ta ce, to in kifi yana zama a kwalba, me zai hana mu kiwata na ci a tano mu sayar? Muka fidda jikka 15 daga akwati, muka yi saƙon ƴaƴan kifi ɗari wajen wani mai ƙyanƙyasa, ba mu ko tambayi irinsu ba. Aka kawo mana karfasa. Muka juye su duka cikin tano ɗaya. Da asuba muka tarar sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, kafin azahar fiye da rabi sun mutu. Kuɗin nan guminmu ne, dala-dala muka tara shi. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta abin da muka koya, kada wata ƙungiya ta sake biyan kuɗin karatun da muka riga muka biya.

Kuskurenmu guda ne: mun zaɓi kifi kafin mu auna ruwa. Alhali daidai ruwa daidai tsaki. Mazubin da kike da shi, da yawan bidon da za ki iya ɗaukowa daga rijiya ko famfo, su ke faɗa miki kifin da za ki saya.

Me ya sa ƙaramin mazubi ke kashe kifi?

Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ta narke cikin ruwa. Iskar nan ta saman ruwa take shiga, don haka baho mai faɗin baki ya fi kwalba mai ƙaramin wuya, ko da ruwansu ɗaya ne. Ruwa in ya yi zafi, iskar cikinsa raguwa take yi, ga shi kun san yadda Afirilu da Mayu suke a nan. Sannan kifi a inda yake ci nan yake kashi. Kashin da ragowar abinci suna ruɓewa su zama guba. A tafkin Madarunfa ruwa yana da yawa, gubar ɓacewa take yi. A tano ba ta da wurin zuwa sai jikin kifin.

Waɗanda muka ce a bari

Karfasa tana da daɗi, kasuwarta ma tana da kyau, amma tana son ruwa mai iska sosai. In ba ki da injin hura iska, cunkoso zai kashe ta, kamar yadda ya kashe tamu. In kuma ta rayu, tun tana ƙarama take fara haihuwa, uwar ta riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, sai mazubi ya cika da ƴan mitsi-mitsi da ba sa girma.

Giwan ruwa sunansa ma ya isa gargaɗi. Kifin babban ruwa ne, yana iya wuce kilo 100, kuma ƴan uwansa kifaye yake ci.

Gaiwa tana da juriya, don tana iya shiga cikin laka ta kwanta duk rani har ruwa ya dawo. Amma tana da cizo, ba ta zaman lafiya da wasu a wuri ɗaya, kuma masu sayenta ba su kai na sauran ba.

Wadda muka zaɓa

Tarwaɗa ita ce ta ɗan ruwa. Allah ya yi mata wata halitta a cikin kai da take shaƙar iskar waje da ita, shi ya sa za ki ga tana tasowa ta kamfaci iska ta koma. Ruwan da zai kashe karfasa, ita tana jurewa. Ba ta da zaɓen abinci, in ta samu ci mai kyau cikin wata biyar zuwa shida ta isa tukunya, kuma in an yi bandarta tana daɗewa ba ta lalace ba.

Ita ma tana da halinta. Babba tana haɗiye ƙarama, don haka ki sayi masu girma ɗaya, kamar tsawon ɗan yatsa, kuma duk sati biyu ki duba ki ware waɗanda suka yi wa sauran nisa. Tana tsalle ta fita, musamman da dare, sai a rufe bakin tano da raga ko tsohon sange a ɗaure tam. Rufin yana kare ta daga kyanwa, kuma ya fi komai muhimmanci saboda yaranmu masu rarrafe da masu tatata. Kada a bar tano ko baho mai ruwa a buɗe a gidan da ke da ƙananan yara, ko na minti ɗaya.

Lissafin ruwa kafin lissafin riba

Tano yana cin lita 200, wato bido takwas mai lita 25. Ba a cika shi baki, ana barin kamar taƙi ɗaya. A karo na biyu mun sa tarwaɗa 20 kacal, 17 suka kai. Duk kwana biyu muna zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan daga ƙasa da tiyo, inda dattin yake kwanciya, mu ƙara sabo. Bido biyu zuwa uku ke nan kowane karo, kuma da suka girma sai da muka koma kullum.

Yanzu ki tambayi kanki: a garinmu, inda rijiya ke da zurfi, wani wurin sai an ja da dabba, wa zai ɗauko wannan ruwan har wata shida? In amsar ita ce ɗiyarki da ya kamata tana lakkol, to a bar maganar. Matan da ke kusa da famfo, ko masu lambu a Gulbin Kaba, su ne abin ya fi yi wa sauƙi. Kuma ruwan da aka zuƙe ba na zubarwa ba ne, taki ne. Mu zogale da tumatir muke ba shi, har ganyen ya fi na maƙwabta kore.

Wasu abubuwan kiyayewa:

Tanon da aka taɓa zuba maganin ƙwari, man fetur ko gas a ciki, ko an wanke shi sau goma, ba na kifi ba ne. Na roba ya fi na ƙarfe, don ƙarfe yana tsatsa yana ɗaukar zafi. A ajiye shi a inuwa.

Ruwan famfo in an sa masa javel, a tara shi a buɗe ya kwana ya wuni kafin a zuba. Sabulu kada ya kusanci mazubin.

Ranar da kifin ya iso, kada a juye shi kai tsaye. A sa ledar a saman ruwan kamar minti 20, ana ƙara mata ruwan tano kaɗan-kaɗan, sannan a sake su.

Abinci safe da maraice, iya abin da za su cinye cikin minti goma. Dusa kaɗai ba ta girmar da tarwaɗa. Tana son abinci mai gina jiki: na buhu da ake sayarwa, ko a taimaka da gara, tsutsa da garin ƙuli-ƙuli. Lokacin ɗari, Disamba da Janairu, cinsu yana raguwa, sai a rage hannu. Ƙoshi ya fi yunwa kashe kifi a tano.

To kifin ado fa?

Yara za su roƙa, mun sani. Jan kifin nan na kwalba da kike gani ƙarami, jariri ne. Yana girma ya kai taƙi, yana iya shekara goma ko fiye, kuma yana ɓata ruwa sosai. Kwalbar lita uku kurkuku ce gare shi. In dole sai an yi, akwai wani ɗan ƙarami da masu sayarwa ke kira gupi, bai kai ɗan yatsa ba, yana kuma cin ƴaƴan sauro. Uku ko huɗu a mazubin lita 20 sun isa, a zaɓi maza zalla, don matan haihuwa suke yi ba ƙaƙƙautawa. Kada a haɗa shi da tarwaɗa, loma ɗaya za ta yi da shi. In an gaji da shi kuma kada a zuba shi a tafki, baƙo ne a ruwanmu.

Shawararmu ga ƙungiyoyi

Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, ƙa'idar ba ta canza ba: da kaɗan ake farawa, ana rubutawa, ana lissafi a gaban kowa. Tano ɗaya ba zai sa kowa ta yi arziki ba. Mu da muka haɗa kuɗin ƴaƴan kifi da na abinci, muka kwatanta da abin da muka sayar, uwar kuɗi ce ta dawo da ɗan abin sabulu, sai miyar da yaranmu suka sha. Amma yanzu mun san aikin.

Kafin ku buɗe akwati, ku je ku ga ma'aikatan ruwa da dazuzzuka na Tasawa ko Mayahi, su ke kula da sha'anin kamun kifi. Ku tambayi mai ƙyanƙyasa sunan kifin da girmansa tun kuɗi suna hannunku. Ku ba mace ɗaya amanar tano, wata kuma ta riƙe littafi: ranar zuwa, abin da aka ci, wanda ya mutu, bidon da aka zuba. In wata shida suka cika, littafin ne zai gaya muku ko a ƙara tano na biyu ko a koma ga tunkiya.

Ƙungiyar da ta riga mu gwadawa, don Allah ta aiko mana da labarinta mu buga a fitowa ta gaba. Allah ya sa albarka a zubinmu.